Kafaɗar Hagu

Litinin, 7 ga Oktoba 2024
Madam Mariama, daraktar gidan matasa, ta zo shago. Wai za a yi makon al'adu in an gama ɗaure hatsi: makaɗa daga Gesheme, masu tukwane daga Kore Mairuwa, 'yan lakwal, wato makaranta, da wasan kwaikwayo. Ni kuma in zana musu kasuwar Dogon Dutsi a bangon da ke kallon kwalta. Ni Is'haƙa, da aikina bai wuce rubuta "Akwai ƙanƙara" da zana kawunan aski ba. Na ce to. Tun da matata Rahina ta rasu da damina, kome anka ce mini "to" nike cewa, ta fi gajarta.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Taron komiti. Samarin 'yan kasuwa sunka ba da fenti, kuma Abdulrazak, ƙanen Rahina, shi ne bakinsu. Sharaɗi ya kawo: ban da fuska, ban da wanda za a nuna a ce wane ne. "In anka gane mutum ko guda, farar ƙasa za mu shafe bangon da ita, Malam Is'haƙa." Malam! Da can "mai shafe-shafe" yake kirana, ya shigo gida ya cinye mini ɗumame. Tun ranar jana'iza ba mu haɗa ido ba.
Madam ta ce kasuwa ba mutane ai kufai ce. Sunka yi ta ja. Na ce sai in zana kowa ta baya, anka yarda. Ba dabara ba ce, so nike a tashi.

Asabar, 12 ga Oktoba
Na kankare bango, na shafa fari. Yayata ta aiko da tuwo. Na ci. Ban san miyar mi ba ce.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Kasuwa, ina bin bayan mutane da fensir kamar mai shirin yankan aljihu. Ƙeyar mahauta, ƙusumbin 'yan kabu-kabu, yadda masu nono ke karkata ƙugu. Wata tsohuwa ta waiwayo ta ce, "Ɗana, mi na ci maka?" Na ce ba kome, Inna, bayanki nike so. Ta ce, "Allah shi shirye ka."
Na ɗauke ƙafa daga layin masu kopto, kwaɗon zogalen nan da Rahina ke saidawa da can. Akwai rana, shi ya sa.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Shuɗi ya ƙare.

Laraba, 23 ga Oktoba
Mutane sun fara tsayawa. Umaru mahauci ya rantse ƙeyar nan mai ninki tasa ce, wani direban tasha ya ce ƙarya ne, tasa ce, har sunka kusa cin kwalar juna. Madam ta yi ta dariya, ta ce tun da mutum biyu ke rigima kanta, ta tabbata ba ta kowa ba ce.
Akwai fili tsakanin mai albasa da jaki. Na cike shi da mace da tire a kai. Ban yi wani tunani ba, hannu ne ya tafi.

Alhamis, 24 ga Oktoba
Mata masu zuwa famfo sun tsaya da jarkokinsu. Guda ta ce, "Allah shi jiƙan Rahina." Sauran sunka ce amin, sunka wuce.
Na sauko daga tsani na duba. Tiren kopto ba a riƙe ba, hannu ya kama gefen zane, kafaɗa guda ta ɗan sauka. To.
Ban ji kome ba. Na wanke burushi na tafi gida. Ɗakinta yana nan rufe yadda na bar shi.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Magana ta kai ga samarin. Madam ta zo tana fifita da ƙasan mayafinta. "Don Allah ka mai da ita buhun gero ko wani abu, a wuce wurin. In ba haka ba bangon duka za ya tafi, mu buɗe mako da farar ƙasa." Gaskiyarta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, da bakina na yarda da sharaɗin.
Na dama ruwan ƙasa, na hau tsani. Ina tsaye har fenti ya bushe a burushi. Hotonta guda gare ni, na katin ɗan ƙasa, wanda ta ɗaure fuska kamar an kai ta gaban jandarma. Ba don haka na fasa ba. Ban san don mi ba.

Talata, 29 ga Oktoba
Bayan la'asar sai ga su, Abdulrazak da abokansa, da bokiti da tsintsiya. Na zauna kan gwangwanin fenti. In za su shafe, su shafe.
Ya daɗe gaban matar yana kallo. Wani cikin abokan ya ce, "Ai ba sai an tambaya ba, ita ce."
Ya ce, "Ba ita ba ce. Yayata kafaɗarta ta hagu ce ta sauka, daga kan jaki ta faɗo muna yara. Wagga ta dama ce. Wa zai gaya mini bayan yayata?"
Ba wanda ya ja. Sunka ɗauki bokitinsu.
Shi ya rage. Bai dube ni ba ya ce, "Kai ta gaba ka san ta, tana fuskantarka, shi ya sa ka juya ta. Ni bayanta na tashi ina bi, rijiya, gona, lakwal." Ya yi gyaran murya. "Kar ka gyara. Ban yi ƙarya ba, kar ka sa in zama na yi."
Na ce to.
Shekarun nan duka, ashe ban cika ganin tana tafiya ta bar ni ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba
An buɗe. Kalangu, goge, tukwane jere gindin bango, masaƙa sun baza luru. 'Yan lakwal sun yi wasa kan mai awon da ke danne mudu, har mai awo na gaske ya tashi ya bar wurin. Mutane na ɗaukar hoto da bangon, kowa ya juya wa mai ɗauka baya, wai haka ake yi yanzu. Umaru ya kawo matansa su ga ƙeyarsa.
An kira sunana a lasifika. Na ɗaga hannu. Surukata ta zo, ta shafa tiren da tafin hannu.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Na buɗe ɗakin, don gara kawai, kar ta ci tabarmi. Da na ga bangon fili ne sai na ɗauko gawayi. Gwaji ne, ba wani abu ba. Wannan karo kafaɗar hagu.
Ina cikin yi na ji sallama. Abdulrazak ne, da leda a hannu. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Ƙara saukar da ita kaɗan, mai shafe-shafe." Na saukar. Ya ce haka ne. Sai ya fita tsakar gida da sauri, wai hannu za ya wanke, ya daɗe wajen randa. Ni ma gawayi ya shiga mini ido.
Kopto ne cikin ledar, daga layin su Rahina ya sayo. Munka ci a ƙasa. Gishiri ya yi yawa, ƙuli-ƙuli kuma kamar an roƙo. Na ce masa Juma'a ni zan je da kaina in gaya wa mai shi.