Ni na rufe wa janareton ruwa a ranar aurensa

Assalamu alaikum Anti mai shafi, ina gaida ke da masu karatu. Don Allah ki ɓoye sunana. Ku kuma masu ba da shawara, kada ku fara da tsinuwa, ku bari na kai ƙarshe tukun, ko alƙali ma sai ya ji ta bakin mai laifi.

Fitilun na fara gani. Ina bakin kogin Nilu a Omdurman, wajen Maurada, inda nake dafa shayi da gahawa nake sayarwa, sai ga wani jirgin ruwa na yawon shaƙatawa ya taho daga wajen tsibirin Tuti, an yi masa ado da ƙananan ƙwayaye ja da kore. Shekarun farko ne na mulkin soja, lokacin layin burodi da layin mai, gari rabinsa a duhu, amma shi yana tafe bisa ruwa kamar amarya. Ni kuwa yarinya ce da littattafan soyayya suka gama da ita. Matar wani ɗalibi ɗan Kano da ke haya a gidanmu ce ta koya mini karatun boko na Hausa, ta bar mini buhun littattafai da za su koma gida. A cikinsu duk saurayi yakan zo ne da wani haske. To ga haske ya zo, me kuke so na yi?

Mai kula da hasken zan kira shi Bashir. Bahaushe ne ɗan unguwar Mayo a Khartoum, kakanninsa mahajjata ne irin nawa, shi ke riƙe da janareton jirgin wani attajiri. Ya sauko hannunsa duk baƙin mai ya ce, “Ya bit, ke yarinya, shayi da madara, kuma ki daina kallon jirgin nan haka, za ki sa masa ido.” Na ce, “Ya zol, kai malam, jirgin nake kallo, ba bawan jirgin ba.” Ya yi dariya har ya ƙware. Daga ranar bai ƙara shan shayin kowa ba.

Shekaru muka yi. Wasu 'yan mata ana kai su lambu, ni ɗakin inji aka riƙa kai ni, kuma wallahi ban taɓa jin an rage ni ba. Da tsohon janareton ya mutu, tare muka je unguwar masana'antu a Bahri neman wani. Ya ce kada fenti ya ruɗe ni. Yakan ɗora tafin hannu a jikin inji ya ji ko mai sayarwa ya riga ya ɗumama shi don ɓoye ciwonsa, sai ya ce a tayar masa da inji mai sanyi, ya tsaya yana kallon hayaƙi. Ya ƙi wani sabo fil mai sheƙi, ya ɗauki tsoho mai juyawa a hankali, wai shi ne ake samun kayansa a kowace rumfa. Ya koya mini tace man dizal da ƙyalle, domin na bayan fage da ruwa ake haɗa shi. Ya koya mini wanke matacin ruwa lokacin ambaliya, sa'ad da kogin ke zuwa da laka kamar kunu. Sannan ya nuna mini wani ɗan hannun ƙarfe a ƙasan jirgin, balf suke ce masa, wanda ke buɗe wa ruwan kogi hanya ya shiga ya sanyaya injin. Ya ce, “Wannan shi ne ransa. In ya yi aiki babu ruwa, ya ƙone.” Kullum in ya tashi aiki sai ya rufe balf ɗin ya rataya mabuɗin janareton a jikin balf ɗin, don kada ya taɓa tayarwa bai buɗe ba.

Anti, na jira mutumin nan har ƙannena mata suka yi aure suka haihu. Masu nema sun zo na kore su. Kakata takan ce, “Ke da wannan mai warin mai, yaushe?” In ce mata yana tara abin hannu. Ashe 'yar mai jirgin yake tarawa. Ban ji daga bakinsa ba, a bakin mai sayar mini da gawayi na ji. Da na tare shi sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Ma'alesh, ki yi haƙuri, ƙaddara ce. Ke 'yar'uwata ce har abada.” 'Yar'uwa! Bai tsaya nan ba. Ya ce a jirgin za a yi walimar, kuma ya gaya wa Alhaji mai jirgin babu mai shayi kamata, ni zan dafa wa baƙi. Yana ganin alheri ya yi mini. Ku gaya mini, wace mace ce za a ce ta hura wutar shayin auren wanda ta ba ƙuruciyarta, ta tafi gida lafiya?

Na je. Na sa tufafina mafi kyau, na jera kofuna. Bayan la'asar na gan shi ya sauka ƙasa, ya buɗe balf, ya tayar da injin, ya leƙa gefen jirgi ya ga ruwa na tsartuwa tare da hayaƙi yadda ya kamata, sannan ya hau aka sa masa farar jallabiya, hannuwansa jawur da lallen ango. Ango mai lalle ba ya komawa ɗakin inji, mata ba za su bar shi ba. Da jirgi ya kai tsakiyar ruwa na ce zan ɗebo gawayi. Na sauka, na kama ɗan ƙarfen nan, na juya shi. Ko nauyi bai yi mini ba. Na dawo na ci gaba da zuba shayi, har amarya na miƙa wa na ce mabruk. Ni kaɗai na ji muryar injin ta bushe, ganga da guɗa sun rufe kunnen kowa.

Ana gama magariba wuta ta ɗauke, hayaƙi mai warin roba ya turnuƙe, mata suka hau ihu. Abin da na so ke nan: ya ji kunya a gaban surukinsa. Abin da ban lissafa ba shi ne muna dab da gada, kuma a zamanin nan jirgi marar fitila kusa da gada ba wasa ba ne. Masu gadi suka yi harbi sama, suka zo da ƙaramin jirgi suna tambayar wa ke da alhakin wuta. Alhaji da bakinsa ya nuna ango. A gabana suka mare shi har rawaninsa ya faɗa ruwa, suka tafi da shi. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma a lokacin sanyi na ji a ƙirjina.

Ya fito bayan kwanaki kunnensa na hagu ya mutu. Janareton bai ƙara tashi ba. Surukin bai daina yi masa gori ba har auren ya watse, aka kore shi daga jirgin. Ni ban yi aure ba, ina nan da tukunyar shayina, sai dai yanzu da rumfa.

Makon jiya ya zo, gemu fari, yana juyo da kunnen dama in ana magana. Yana gyaran ƙananan janareto a wata rumfa a Bahri. 'Yan unguwarsu sun haɗa masa kujerar Makka, shi ne yake zagaya neman yafiya kamar yadda mahajjata ke yi. Ya ce, “Na zalunce ki, ki yi mini afuwa. Allah ya riga ya kama ni tun ranar. Na ɗauki mabuɗin ban buɗe balf ba, ni da ban taɓa mantawa ba. Tun daga nan ban ƙara yarda da kaina ba, shi ya sa ban sake taka jirgi ba.” Ya yi kuka a kan bencina. Na ce ya dawo ranar Juma'a.

Ga inda nake neman ku. Ina so in gaya masa gaskiya, amma kada ku ɗauka tuba ce ke tura ni. So nake ya san ni ce. Ya yi shekaru yana cewa ƙaddara, yana cewa mantuwa, ko a cikin masifarsa bai tuna da ni ba. So nake in ga fuskarsa in ya gane mai shayin da ya raina ce ta kashe masa wuta. Amma mutumin nan ihrami zai ɗaura, kuma ni ma akwai kunnensa a wuyana. In na yi shiru na ce na yafe, zai tafi yana zargin kansa da laifin da bai yi ba. In na faɗa da wannan zuciyar, na sake marinsa ne. Juma'a ta kusa, jama'a. Ni yanzu me zan yi?