Mabuɗin da Ke Cikin Zabura

Makera, Kaduna
9 ga Maris, 2003

Zuwa ga matata Hannatu, Maman Judith,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da Judith da Ben, kuma ƙafar Mama ta yi sauƙi. Ni lafiyata lau, sai kewarku. Tun da masaƙa ta rufe na kai ku Kwoi, ɗakin nan da kike cewa ya yi mana kaɗan ya yi mini yawa.

Ga albishir. Tun da soja suka koma bariki ake cewa kotuna za su ɗauki masu rubuta shari'a kalma da kalma, don alƙalai sun gaji da rubutu da hannunsu. Kin san shekara goma sha huɗu na yi ina ɗaukar bayanan taron manajoji da rubutun saurin nan da kike cewa kamar tonon kaza. To, kazar nan za ta ciyar da mu. Madam Christy, mai shagon intanet a unguwar Television, ta buga takardar tarihin aikina a kwamfuta, ta ɗora a shafin masu neman aiki. Ta buɗe mini akwatin imel, ta ce ta nan amsa za ta zo. Lambar sirrin akwatin ta rubuta mini a 'yar takarda, na adana ta cikin Littafi Mai Tsarki, wajen Zabura.

Ki gaya wa Judith alkawarina yana nan: a Kaduna za ta shiga sakandare a watan Satumba.

Mijinki,
Filibus

18 ga Mayu, 2003

Maman Judith,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ji an fara shuka. Allah ya ba da damina mai albarka.

Shiru har yanzu, amma ban zauna ba. Nakan je kotu in zauna a bencin baya ina rubuta duk abin da aka faɗa, har tarin lauya. Ran Lahadi kuwa wa'azin Fasto nake ɗauka. Da na karanta masa nasa, sai da ya riƙe baki. Ba yabon kai ba, kalma ba ta wuce ni.

Duk mako nakan bi ta shagon Madam Christy in gaishe ta. Takan amsa da fara'a, amma ba ta taɓa ta da zancen wasiƙar ba, ni ma ban tambaya ba. Wanda ya riƙe maka akwati ba a matsa masa. Kin tuna wasiƙunmu na akwatin coci: in taka ta zo, sakatare zai kira sunanka bayan sanarwa. Ita ma in ta zo za ta faɗa. Sai dai wani lokaci zuciyata takan karaya, ba zan ɓoye miki ba.

Naki,
Filibus

13 ga Yuli, 2003

Hannatu,

Ina gaishe ku duka. Ki sami wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Jiya haƙurina ya ƙare, na tambayi Madam Christy ko wasiƙata ta zo. Ta dube ni kamar ba ta gane Hausata ba. Ashe ba ita ke riƙe da akwatin ba. Ni ya kamata in riƙa zama gaban kwamfuta ina buɗewa da kaina. Ta ɗauka na sani, ta ɗauka a wani shagon nake dubawa. Na koma gida da gudu na ɗauko takardar, muka buɗe.

Mutanen kotu sun kira ni, Hannatu. Tun ran biyu ga Afrilu suka rubuto in je Abuja gwajin saurin rubutu ran sha shida. Da ban amsa ba suka sake rubutowa. Madam Christy ta ba su haƙuri a madadina, ta kuma sami lambarsu ta buga. Sun ce an cike guraben tun watan Mayu. Ta yi ta kuka, ni nake lallashinta, don ba laifinta ba ne.

Ban taɓa jin ciwo irin wannan ba, ko ranar da aka rufe masaƙa. Waccan wasu ne suka yi mini. Wata huɗu mabuɗin yana cikin Zabura. Kowace safiya nakan buɗe wurin, in matsar da takardar gefe da hannuna, in roƙi Allah ya sa su amsa.

Ki roƙi Baba ya bar mini gefen gonar citta, zan taho ƙarshen wata. Ki kai sunan Judith makarantar nan ta gari, amma kada ki gaya mata dalili. Ni na yi mata alkawarin, ni zan tsaya gabanta in faɗa.

Ki yafe mini. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Filibus