Gwangwanin Guntayen Sigari

Daren Laraba, Gwandu

Yau Inna ta ci karo da gwangwanin guntayen sigarin da nake tsintowa a tashar motar Kalgo. Ta zauna bakin gado, ta ce, "Ashe kai ma ka fara?" Na rantse mata jiƙa su nake yi, in fesa wa tumatir ruwan saboda ƙwari. Sai ta shinshina gwangwanin, ta lumshe ido, ta ce haka rigar Baba take wari kafin tari ya tafi da shi.

Yanzu ina kwance, a zuciyata ina hango tashar nan fes babu guntun sigari ko ɗaya, gonata kore shar, Baba yana ratsa ta ba ya tari.

Gwangwanin dai ba ta maido mini ba. Yana ƙarƙashin gadonta.