Soson Bangon Ɗakin Nura

Laraba da dare, Gyaɗi-Gyaɗi

Wai gyaran sauti! Ɗan nan Nura ya kwaso soson tsohuwar katifa daga Unguwa Uku, ya naɗe da yadi, ya bubbuga a bangon ɗakinsa don kallon fim. Ɗaki ya koma kamar akurkin kaji. Abokinsa Bala, da ko tocila bai iya gyarawa ba, yana tafi a tsakiyar ɗaki yana cewa, "Inna, kin ji? Babu amsa-kuwwa." Na ce, "Sannu, injiniya."

Maƙwabciyarmu Maman Grace har godiya ta shigo yi, wai ta samu barci. Ita ta sani.

Ni da rugugin lasifikar Nura nake barci. In bangona yana rawa, na san ɗana yana gida, ba ya bakin titi cikin 'yan ƙwaya. Jiya shiru kamar maƙabarta, na kwana ina leƙa takalmansa a ƙofa.

Yau da ya fita sallar isha'i, na shiga ɗakinsa na ɓamɓare soson da ke saitin gadona, na tura ƙarƙashin gado. Ga harbe-harben fim ɗinsu na banza nan ina ji. Alhamdu lillahi, bari in kwanta.