Layi Ɗaya a Littafin Baftisma

Yaya,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yau kwana tara da binne jaririna. Na gode da addu'ar da ka yi a bakin kabari, amma ba godiya ce ta sa na ɗauki biro ba.

Kai ne katikis na cocinmu. Kai ka koya mana cewa kowane ɗan Adam da zunubin asali ake haifarsa, ruwan baftisma ne ke wanke shi. Sau biyu na kawo maka yaron nan. Ka ce sai iyaye sun gama darasin Asabar huɗu, alhali ka san mijina direba ne, biyu sun wuce shi yana kan hanya. Ka ce doka ba ta san ƙanwa ba. Kwana ashirin da shida kacal ya yi a duniya.

To, malam, amsa mini kamar yadda kake amsa wa 'yan aji: ina ɗana yake yanzu? Ko abinci ba na iya ci. Kada ka turo matarka ta lallashe ni, kai nake tambaya.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ke. Abin da na koyar gaskiya ne, ba zan janye ba: mun gaji laifin Adamu, Almasihu kuma ya fanshe mu da jininsa. Jariran da suka rasu ba baftisma, ikkilisiya tana danƙa su ga jinƙan Allah, tana sa zuciya. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan ba tare da ƙarya ba. Dokar darasi kuwa, da na karya ta saboda ke, da wane baki zan hana wani gobe?

Ki yi haƙuri, ki daure ki ci abinci. Allah ya ta'azantar da ke.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka kamar takardar ofis, hatimi kawai ya rage.

Goggo ta zo jiya. Ka san ita ce nas ɗin da ke bakin aiki a ɗakin yara ranar da ya rasu. Ta ce ta yi masa baftisma da hannunta a kan gadon asibiti. Ni ban san inda kaina yake ba a lokacin, ban ga komai ba. Littafin baftisma yana hannunka. Ka rubuta ɗana a ciki. In ka ƙi, ƙafata ta gama taka cocin nan.

Ka huta lafiya.

*

Goggo,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ki gafarce ni, ba ƙaryata ki nake yi ba, amma ba na sa layi a littafin nan sai da shaida. Abu uku nake roƙo. Ruwa zalla ne? Kin faɗi kalmomin daidai? Yana da rai lokacin da ruwan ya taɓa shi? Kuma me ya sa kika yi shiru har kwana goma?

Ɗanki.

*

Malam katikis, ɗana,

Ina gaishe ka da aiki. Wato ni za ka yi wa jarrabawa, ni da na wanke maka kashi?

Ruwa zalla ne, a sirinji na ja shi, na ɗiga masa sau uku a goshi. Kalmomi kuwa na iya su tun ubanka bai yi aure ba. Ta ukun ce ta rufe mini baki kwana goman nan. Ban sani ba. Jikinsa da ɗumi, na sa yatsa a wuyansa, amma na kasa rarrabe bugun jininsa da nawa. Shekara talatin ina wannan aiki, ranar ya gagare ni. Sai na ce, "In kana da rai, ina yi maka baftisma." Ba zan ƙara ko harafi don hankalinka ya kwanta ba, kuma ban gaya wa uwar wannan ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Ba a baftisma ba suna. Uwar tana zube a ƙasa, na girgiza ta na ce, "Wane suna?" Naka ta faɗa. Ashe ɓoye shi ta yi, tana jiran ka ji da kunnenka ranar baftisma.

Allah ya ba ka basira, ya rage maka taurin kai.

Goggonka.

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Na kai wa Fada, limamin cocinmu, maganar, ya ce in rubuta. Na rubuta. Ban taɓa zaton da hannuna zan rubuta sunana a layin nan ba.

Jinin Almasihu bai makara ga yaron nan ba. Ni ne na makara. Ki yafe mini.

Zan zo ranar Talata. In ba ki buɗe ƙofa ba, zan tsaya a waje.

Yayanki.