Tela da Bazawara a Silimar Kumasi

Kumasi, 4 ga Yuni, 1956

Zuwa ga Yaya Baturiya, a Badafi.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Inna? Yaya yara? Ina fatan damina ta sauka lafiya. Ni lafiya lau nake, ɗaurin goro yana tafiya, maigidana kuma mutumin kirki ne. Cin tuwo ni kaɗai ne bai bi jikina ba tun rasuwar matata Hajara, Allah ya jiƙanta, amma ana sabawa.

Ran Asabar abokan aikina suka ja ni silima. Wasa ne a kan wani tela gwauro mai furfura da maƙwabciyarsa bazawara. Ita ke yage rigarta da kanta don ta kawo masa ɗinki, shi kuma ya yi ta jan aikin don ta dawo gobe. Ba mu ji yarensu ba, amma mun sha dariya.

Da muka fito, Wada ya ce, "Dattijo da soyayya ai abin kunya ne." Mainasara ya ce an cuce shi, ba bindiga, ba dambe. Suka tambaye ni, na ce telan bai yi laifi ba, ya dai ɓata lokaci.

Don Allah ki aiko mini da daddawa da kuka ta hannun fatake. Idan kin shiga Kiru, ki gai da Zuwaira, matar marigayi Sale. In ba a riga ni ba, ki gaya mata ina tafe bayan kaka, kuma ba gaisuwa kaɗai za ta kawo ni ba.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Ubale