Ni Ba Ɗan Gudun Hijira Ba Ne, a Panshekara Aka Binne Cibiyata

Zuwa ga Mai Girma Fasto, da iyayenmu matan zumunta na cocinku, waɗanda suka riƙe baƙin da fari ya koro daga Nijar a tsohon siton nan na Challawa.

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata kuna lafiya, ku da iyali da jama'arku baki ɗaya.

Bayan haka, ni ne Garba Maigadi, mai tsaron ƙofar wani kamfanin fata a Challawa. Shekara biyar ke nan sunana yana kwance a littafinku na 'yan gudun hijira, alhali ni ban taɓa gudu ba, ko kare ne ya biyo ni tsayawa nake yi. Na zo ƙofarku da ƙafata ban san adadi ba, amsa ba ta samu ba. Shi ya sa na zauna gaban mai rubutu a bakin gidan waya, na ce a buga a jarida kowa ya gani. Ban yi boko ba, amma na gaya masa zan kai wa wani ya karanta mini, in ji ko ya rage wani abu.

Abin da ya sa maganar ta ƙi kwanciya shi ne, bayan Sallah masu gadin Sharada da Challawa da Bompai za su zaɓi Sarkin Gadi. Duk cikinmu babu wanda ya daɗe a kan bencin gadi kamata. Amma Tanko, mai gadin kamfanin alawa a Bompai, yana bin ƙofa ƙofa yana cewa ba a naɗa baƙo, kuma shaidarsa daga hannunku ta fito. Ga yadda aka yi.

Na ɗaya. Ranar da aka sauke mutanen nan a sito, na ga mata da yara da dattawa ko tabarmar kirki babu. A wurinmu in baƙo ya sauka a unguwa, abinci ake kai masa kafin a tambayi sunansa. Na sa mai ɗakina Hajara ta tuƙa tuwo, na ɗauko a ka tun daga Panshekara. Da na ajiye, dattawan suka ƙi sa hannu sai na zauna mun ci tare. Na zauna. Muna gamawa, ina riƙe da kwanona fayau babu komai, sai ga motarku. Wata baiwar Allah da ake kira Mama Rahila ta bi layi da littafi, ta iso kaina, ta cika mini kwanon da shinkafa, ta yafa mini bargo, wani mai kyamara ya haska ni. Na ce mata ni ba na buƙata, ɗan gari ne ni. Ta dafa ƙirji ta ce, "Baba, duk haka kuke cewa. Kada ka ji kunya, rashi ba laifi ba ne."

To, a nan ta fi ni gaskiya ta wani gefen. Dattawan nan masu shanu ne a da, kowannensu in an miƙa masa abu sai ya kau da kai ya ce alhamdulillahi, shi a ƙoshe yake. Matan cocinku sun gane haka, suka daina jin a'a. Amma ai sai a duba fuska! Mutumin da ya yi tafiyar wata guda a ƙafa ba ya zuwa da tumbi irin nawa. Ta miƙo littafi na dangwala yatsa, don ba a yi wa mace gardama gaban baƙi.

Na biyu. Kashegari na dawo in gyara magana, aka ƙara mini bargo. Na dawo ranar Laraba da fushi, aka ce jikina na rawa, zazzaɓi ne, wata nas ta soka mini allura. Na zo da Hajara ta yi mini shaida, aka yi murna an gano iyalina, aka rubuta ta ita ma. Ita kuwa da ta ga an ba ta atamfa da sabulu, sai bakinta ya mutu. Har yau in mun yi faɗa sai ta ce in tattara in koma ƙasarmu.

Na uku. Wata rana ina zaune a bakin ƙofata sai ga Mama Rahila da wasu mata uku sun sha ɗaurin kallabi. Ta ce, "Allah sarki Baba, nan kake wuni kana jiran ko za a ɗauke ka?" Kafin in buɗe baki sun ja ni har ofishin manaja, suna roƙonsa saboda Allah ya ba wannan tsoho aikin gadi. Manajan nan ni na buɗe masa ƙofa ranar da ya fara aiki. Ya dube ni, ya cije leɓe don kada ya yi dariya, ya ce zai gwada ni wata uku ya ga halina. Matan suka yi guɗa. Tun daga ranar leburori suke kirana Sabon Ɗauka.

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai. Lokacin da hukuma ta ce baƙi su koma gida, kun ɗauko manyan motoci don kada a wulaƙanta mutane a hanya. Wannan kun kyauta. Ni na je sallama ne kawai da aminina Malam Issufu, ɗaya daga cikin dattawan da muka ci tuwo tare. Aka kira sunana daga littafi. Na ce ba ni ba ne, aka ce ga hotona. Aka ce ni ne babba, a ba ni gidan gaba kusa da direba, aka ɗora mini burodi da kifin gwangwani a cinya, mata suna waƙa suna share hawaye. Ku gaya mini, wane dattijo ne zai diro daga mota ana yi masa kuka? Na ce in mun kai Gezawa zan sauka. Direba bai tsaya ba. Sai Maigatari, bakin iyaka, inda wasu 'yan cocin suka kafa rumfuna, suka tarbe ni da kunu suna cewa saura kaɗan in ga gida. Malam Issufu ya yi dariya har rawaninsa ya warware. A motar awaki na dawo Kano, kwana biyu ina warin bunsuru, manaja kuma ya ce ai ya zaci na wuce Nijar.

Na biyar. Hoton nan kuka buga a kalanda. Ga ni a tsakiya da bargo da kwano, baki a buɗe, don lokacin ina cikin bayani ne. Shekarar kalandar ta wuce tuntuni, amma Tanko ya yanke hoton ya sa a leda yana yawo da shi a aljihu. Duk majalisar da ya zauna sai ya zaro. Ranar Juma'a har tambayata ya yi gaban mutane wai nawa ake sayar da raƙumi a wajenmu.

Ba na musun alherinku. Na ga yaran da aka sauke ba sa iya tsayuwa, na gan su suna guje-guje bayan wata biyu. Na ga Mama Rahila tana wanke wa wata tsohuwa ƙafa da hannunta, ba addininsu ɗaya ba, ba yarensu ɗaya ba. Duk wanda ya zage ku a gabana, da ni zai yi. Amma ni an taimake ni da ƙarfi, kuma ga abin da ya jawo.

Don haka ina roƙon abu uku. A soke sunana da na Hajara daga littafin, ita kada a tambayi ra'ayinta. A ba ni takarda mai hatimi da ke cewa kuskure aka yi. Sannan Fasto da kansa, ko Mama Rahila, wani ya zo ranar taronmu a Sharada ya tsaya gaban masu gadi ya faɗa da bakinsa, don yawancinmu ba ma karatu, kuma Tanko zai ce ni na sa aka rubuta.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku ƙarfin taimakon bayinsa, ya raya muku zuri'a, ya kuma ba ku ikon jin a'a idan dattijo ya faɗe ta.

Sallah ta matso, Tanko har ya kai ɗinkin babbar riga. Ina bakin ƙofata daga safe har magariba, ban da lokacin salla. A zo a amsa mini kafin a naɗa shi.

Wassalam.

Naku,
Garba Maigadi,
ɗan Panshekara, jikan Panshekara.